Hoto Ɗaya Bai Isa Ka San Mutum Ba

Kai mai latsa waya, sau nawa ka ga hoton mutum a Facebook ka ce "wannan ɗan ƙarya ne," ko ka raina shi don rigarsa ta koɗe? Tuna labarin garinmu. Da dare Bayajida ya shigo Daura, baƙo, ba wanda ya san shi sai tsohuwa Ayana da ta sauke shi. Gari ya waye an kashe macijiyar Kusugu, manya suka yi ta bugun ƙirji gaban Daurama. Kan macijiyar kuwa yana hannun baƙon nan. Yau ma masu surutu muke yi wa kallon kitse, alhali rogo ne. Kafin ka yi wa wani tambari, don Allah zauna da shi tukuna.