Lafiyar Mace Bayan Ɗaukewar Al'ada

Ɗaukewar al'ada mataki ne da kowace mace ke kaiwa, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55. Likitoci na tabbatar da ita ne idan aka yi wata 12 a jere ba a ga jini ba. Kafin nan al'ada kan rikice, kuma ciki na iya shiga.

Tushen sauyin shi ne raguwar sinadarin estrojin a jiki. Daga nan ake samun zafin jiki mai tasowa farat ɗaya, zufar dare, rashin barci, saurin fushi da raunin ƙashi. Gaba kan bushe, fatarsa ta yi laushi, har saduwa ta koma azaba. Maigida kan ɗauka ƙiyayya ce, uwargida kuma kunya ta hana ta bayani.

A ƙauyukan ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa na jihar Kano, mace ta fi sanin asibiti wajen awo, haihuwa da rigakafin yara. Da ta gama haihuwa sai zuwan ya yanke, masu kayan mata su cike gurbin. Matsin da ake cusawa kuwa yakan ƙara bushewar, ya jawo ƙuna da ciwon sanyi. Alhali akwai man sauƙaƙa saduwa a kantin magani, akwai kuma man estrojin da likita ke rubutawa.

Abin da ya fi haɗari shi ne jinin da ya dawo bayan ɗaukewa, ko wanda ke biyo bayan saduwa. Sau da yawa tambayar kan tsaya a wurin malam: jinin ciwo ne, a yi salla? Hukuncin salla na malam ne, amma gano dalilin jinin aikin likita ne, domin yana iya zama alamar sankarar mahaifa. Rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, da Najeriya ta fara a Oktoban 2023 na 'yan mata ne masu shekara 9 zuwa 14. Iyayensu mata gwajin bakin mahaifa suke buƙata.

Bai kamata sai matar Riruwai da ke Doguwa ta ratsa dajin Falgore zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ba kafin a duba ta. Ya wajaba gwamnatin Kano ta ware ranar ganin manyan mata a asibitocin waɗannan ƙananan hukumomi, da ma'aikata mata da kayan gwajin bakin mahaifa. Malaman Islamiyya su sa batun cikin darasin haila, magidanta kuma su ba da izini da kuɗin mota.