Filin Malam: Jirgin Filafilai da Iskar Bazara

Yau zancenmu kan shan iska ne a jirgin ruwa mai filafilai, wato wanda iska ke turawa ba inji ba.

Wannan wasa ya daɗe a Hartum. Tun 1926 aka kafa kulob ɗinsa a bakin Bahar Azrak, ofishinsa kuwa a lokacin tsohon jirgin yaƙin nan ne Melik, wanda Turawan Ingila suka yi yaƙin Omdurman da shi a 1898. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ma'aikata da 'yan makaranta kan fita kogi da yamma.

To amma kogin hunturu daban, na bazara daban. Da hunturu iskar arewa ke kaɗawa ba fashi, matuƙi ya san inda ya dosa. A watannin Mayu da Yuni kuwa zafi kan wuce digiri 40, iska ta ɗauke cak, sannan habub ya taso. Dalili shi ne, iska mai sanyi kan faɗo daga hadari, ta ɗebi ƙura ta yi bango, ta bugo jirgi ta gefen da ba a zata ba. Jirgin da filafilansa ke shimfiɗe nan take sai ya kife.

Saboda haka, samari, da kun hango jan bango a sama, ku sauke filafilai ku nufi gaɓa. Ku sa rigar kariya, ku riƙe ruwan sha. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Sai wata mai zuwa.