Shugaban Makaɗa Ba Almajiri Ba Ne

Jama'a, akwai wani zalunci da mu ke yi a ƙauyukanmu na ƙasar Bichi da Dambatta da Minjibir, kuma mun saba da shi har ba mu ganinsa. Mutumin da mu ke zalunta shi ne shugaban makaɗa. In muna biki mu kira shi, in an watse mu ce masa maroƙi, in ɗansa ya zo neman 'yarmu mu ce asalinsa bai kai ba.

To, bari mu duba aikinsa tukuna. Makaɗa biyar ko shida sun tsaya da gangunansu, 'yan amshi na gefe. Wa ke riƙe da su? Shi ne. Shi ya ƙaga waƙar, shi ya koya musu a zaure dare bayan dare. A fili kuwa ba ya tsayawa yi musu bayani. Da ido, ko da ɗaga hannu, ko da karya murya, ya ke gaya musu inda za su sassauta da inda za su tsananta. In ɗan amshi ya riga lokaci, kunnensa ne ke kamawa. Ashe wannan ba sana'a ba ce kamar ƙira da saƙa?

A ƙasashen Turai mai wannan aiki babban mutum ne. A Faransa an yi wani Pierre Boulez, wanda ya rasu a 2016. Shi ma da hannu kawai ya ke bi da makaɗansa, ba ya riƙe sanda. A 1976 ya kafa ƙungiyar makaɗa a Paris musamman don kaɗa sababbin kiɗe-kiɗe, hukumar ƙasarsa kuwa ta tallafa masa. Ba wanda ya ce masa maroƙi.

Mu ma muna da namu. Musa Ɗanƙwairo, mai kotso, wanda ya rasu a 1991, a gidan kiɗan noma ya tashi kafin ya shiga fada. Duk wanda ya saurari yadda 'yan amshinsa ke karɓa kamar bakinsu ɗaya ya san akwai horo a wurin. Mamman Shata na Musawa, mai kalangu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Waɗannan mu kan yabe su da ya ke rediyo ya ɗaukaka su. Na ƙauyenmu fa, wanda irin aikinsu ya ke yi?

A ƙasarmu gona na manne da gona, ba a barin saura, sai taki da ƙarfin damtse. Da, in ciyawa ta fi ƙarfin mutum, ya kan kira gayya. Mai gangar noma ya bi bayan samari yana kiran kowa da kirarinsa, fartanya na sauka tare, kafin azahar an gama gonar da za ta ci mutum ɗaya mako guda. Na san wani irin wannan a ƙauyenmu. Bara na tarar da gangarsa rataye a rumbu, fatar ta tsage. 'Ya'yansa huɗu, ba wanda ya yarda ya gaje shi, don suna gudun gori. Bikin da a ke yi a gabansa kuwa, yaro aka ɗauko da na'ura da manyan lasifikoki.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce makaɗa na yi wa marowaci zambo don su tatse shi, wurin kiɗa kuma a kan yi sha'ani marar kyau. Gaskiya ne, akwai masu yin haka, ba na kuwa kāre su. Amma akwai mahaucin da ke tauye nama, ba mu ce a bar fawa ba. Sa'an nan wa ya koya wa makaɗi roƙo? Mu ne. Maƙeri mu kan yi ciniki da shi tun kafin ya hura wuta. Makaɗi kuwa mu kan bar shi ya wuni yana aiki, sa'an nan ya jira abin da aka ga dama. Wanda ba a yanka wa lada ba, dole ya miƙa hannu.

Saboda haka ga abu uku. Na ɗaya, in kun kira makaɗi ku yanka masa ladansa tun farko, kamar kowane mai sana'a. Na biyu, ku daina yi wa 'ya'yansa gori. Na uku naku ne, ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuka ci nasara. Ku ɗauki alƙalami ku je wurin tsohon makaɗin garinku, ku rubuta sunansa, da wanda ya koya masa, da waƙoƙin da ya ƙaga, tun yana da rai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gane, amin.