Lodin doya a sama, tayar Beljiyam a ƙasa

Motar da ke ɗauko doya zuwa kasuwar Paiko aiki biyu take yi a wuni ɗaya. Da asuba tana can cikin hanyoyin gona na ƙaramar hukumar Paikoro, inda babu kwalta sai jan marmara, da kututturan da aka sare aka bari, da ramukan da ruwan jiya ya haƙa. Kafin rana ta take, ta hau titin Minna zuwa Suleja da lodi har saman ƙarfe, tana kutsawa tsakanin tireloli da tankokin mai. Mai motar ya san ranar da ya yi juyen baƙin mai, ya san bakaniken da ya taɓa masa giya. Tayoyin nan huɗu kuwa, waɗanda su kaɗai ne ke taɓa ƙasa, ba a tunawa da su sai ranar da ɗaya ta fashe.

Wannan sakaci yana cin dukiya, yana cin rai. Amma rashin adalci ne a ɗora wa direba laifin duka, domin kasuwar da yake sayen taya a cikinta ba shi ya lalata ta ba.

A da ana ƙera taya a ƙasar nan. Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop na da tata a Ikeja. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a 2008, bayan tsadar wutar lantarki da sauƙin harajin tayoyin waje sun hana su sakat. Daga nan tayar mota ta zama kayan jirgin ruwa, farashinta ya koma bin dala, kuma tun da darajar naira ta zube a 2023 sabuwar taya mai suna ta fi ƙarfin mai a-kori-kura da yawa. Sai ya nufi inda ake jibge tayoyin Beljiyam, waɗanda aka gama mora a Turai ko Asiya. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma ga su nan a bakin titi daga Suleja har Minna, a fili, babu mai ɓoyewa.

Mai saye yakan tura yatsa cikin zanen taya, in ya ji zurfi ya ce mai kyau ce. Mai sayarwa ya ƙara masa da cewa, "Alhaji, wannan ai ko ƙasa ba ta taka sosai ba." Zane kuwa shi ne abin da ya fi sauƙin yaudara, tunda akwai masu sake yanka shi da wuƙa a jikin tayar da ta suɗe. Abin da ya kamata a fara dubawa yana gefen tayar: lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2316, an yi tayar a mako na 23 na 2016, kuma ko zanenta ya kai zurfin me, robarta ta bushe. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin cewa taya ta tsufa bayan shekara huɗu da ƙerawa. Manyan kamfanonin taya suna cewa a riƙa bincikarta sosai bayan shekara biyar, kada kuma ta wuce goma. Ko wanne aka bi, da yawa daga tayoyin da ke ƙarƙashin motocin doya sun wuce wa'adi.

Akwai kuma wata illar da ba a cika faɗa ba. Wasu daga cikin tayoyin nan na lokacin ƙanƙara ne, ana gane su da hoton tsauni mai ƙwayar ƙanƙara a tsakiya. Robarsu mai laushi ce, an haɗa ta ne don sanyin Jamus da Poland. A kan kwaltar Minna a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, irin wannan taya tana cinyewa da wuri, tana kuma ɗaukar zafin da ba don shi aka yi ta ba.

Sai batun nauyi, wanda shi ne zuciyar maganar a garin doya. A jikin tayar Hilux ana iya ganin rubutu kamar 265/65 R17 112. Lambar ƙarshen nan, 112, tana nufin tayar ba za ta ɗauki fiye da kilo 1,120 ba, shi ma in iskarta ta cika daidai. Hilux kanta an yi ta ne ta ɗauki kusan tan ɗaya. To, ƙwaryar doya ɗari ce. In kowace ta kai kilo 3, ƙwarya biyar ta zama kilo 1,500, ban da buhunan da ake cusawa a gefe da mutanen da ke zaune a kan lodin. Mafi yawan wannan nauyi a kan tayoyin baya biyu yake sauka. Masu mota sukan ƙara ƙarfen sifirin don kada bayan motar ya zauna, su ga ta miƙe su ce ta ɗauka. Sifirin ya ɗauka, taya dai tana nan yadda take. Wanda sana'arsa dako ce ya nemi tayar da ke da alamar LT ko C, mai kaurin gefe da aka yi don lodi, ko da zai haƙura da taushin tafiya.

Zaɓin zane bai kai wannan wuya ba. Taya mai manyan haƙora, wadda ake rubuta wa M/T, tana burge ido, kuma a cikin caɓin Agusta da Satumba babu kamarta, don tana watsar da laka maimakon ta cushe. A kan kwalta kuwa tana kuka, tana shan mai, tana saurin cinyewa, birkinta kuma ba ya kamawa sosai in titi ya jiƙe. Mai H/T ta birni ce, kututture ɗaya ya isa ya yaga gefenta. Motar da rabin aikinta daji rabi kwalta, A/T ce daidai da ita. Abin da ya fi iri muhimmanci shi ne tayoyin su zama girma ɗaya, musamman biyun da ke gatari ɗaya. Mota mai jan ƙafa huɗu da aka haɗa mata babba da ƙarama, giyarta ce ke biyan kuɗin.

Samarin da ke sayen jif suna son rim ɗin alminiyam mai faɗi da siririyar taya, don ado. A hanyar burji wannan asara ce. Rim inci 16 ko 17 yana barin roba mai tsayi tsakanin ƙarfe da dutse, ita ke shanye dukan rami. Rim ɗin ƙarfe in ya lanƙwashe a ƙauye, guduma za ta miƙar da shi a ƙarasa gida. Na alminiyam tsagewa yake yi, kuma waldar da ake masa a bakin titi ba abin dogara ba ce.

Duk wannan sai da kuɗi. Iska kuwa kusan kyauta ce, kuma ita aka fi wulaƙantawa. Yawancin motoci suna da 'yar takarda manne a jikin ƙofar direba da ke faɗin yawan iskar gaba da ta baya, da kaya da kuma babu kaya. Kaɗan ne ke karantawa. Direba ya tsaya wurin mai faci ya ce, "Ƙara mini iska," mai faci ya bubbuga tayar da sifana, ya saurari ƙarar, ya ce ta yi. Wani yana da geji, amma gejin ya sha faɗuwa har allurarsa ta daina faɗin gaskiya. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da wayoyin da ke ciki, kuma ba a ganin komai daga waje sai ranar da bayan tayar ya ɓare a kan gudu. Wadda aka cika fiye da kima kuma tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, tana tsalle a kan tsakuwa, dutse mai kaifi yana huda ta cikin sauƙi. Da safe ake aunawa, tayar na sanyi, domin tafiya tana ɗaga ma'aunin. Wanda ya auna da rana tsaka ya sace iska saboda ya ga ta hau, ya rage abin da bai kamata ya taɓa ba.

Tsofaffin direbobi sun san dabarar sace iska in mota za ta shiga yashi ko laka, don tayar ta baje ta daina nutsewa. Dabara ce mai kyau, in lodin bai yi yawa ba. Matsalar ita ce rabinta na biyu: a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Motar da ta fito daga rafi da tayoyi a sace, ta miƙe zuwa Lambata da gudu da lodi, ta haɗa duk abubuwan da ke fasa taya a lokaci guda. Ƙaramin famfon da ke aiki da batirin mota bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Kada a ɗauka wannan ciwon talaka ne kaɗai. A Amurka, a watan Agustan 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, akasari na jif ɗin Ford Explorer, bayan bayan tayoyin ya riƙa ɓarewa motoci suna kifewa, musamman a jihohi masu zafi. Cikin abin da Firestone da Ford suka yi ta jayayya a kai har da yawan iskar da aka ce a sa. A nan gida, ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar bayan jif ɗinsu ta fashe ana cikin gudu. Jif da a-kori-kura dogaye ne, nauyinsu yana sama, shi ya sa fashewar taya ke saurin juya su. Direban da hakan ta same shi ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ya danne birki.

Faci ma yana da iyaka. Hujin ƙusa a tsakiyar zane ana gyara shi, mafi kyau a cire tayar a manna daga ciki. Yanka a gefe ko ƙullutun da ya kumburo ba su da magani, kuma sa tif a ciki ɓoye ciwon ne kawai. A riƙa sauya wa tayoyi wuri bayan kamar kilomita 10,000, a sake ɗaure noti bayan an yi 'yar tafiya da tayar da aka canja, a kuma sauko da safaya daga ƙarƙashin mota lokaci-lokaci, don da yawa sai a tsakiyar daji suke gano ba iska a cikinta.

Jami'an kiyaye haɗurra suna da gaskiya in sun tare mota mai suɗaɗɗiyar taya. Sai dai tarar da ake cin direba a bakin titi ba ta taɓa dilan da ya shigo da kwantena ba, kuma nan ne aikin Kwastam da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON yake. Kafin su farka, akwai abin da bai fi ƙarfin Paiko ba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da shugabannin 'yan doya suna karɓar kuɗin tasha a kowace ranar kasuwa. Daga ciki za a iya sayen injin iska da geji mai kyau a ajiye inda ake lodi, a zaunar da masu facin garin wuni ɗaya a koya musu karanta kwanan watan taya da lambar nauyi, a kuma ƙayyade ƙwarya nawa a-kori-kura za ta ɗauka kafin ɗan kamasho ya sallame ta ta hau titin Suleja.