Yadda aka haramta bulala a makarantun Birtaniya

A shekarar 1986 ne majalisar dokokin Birtaniya ta haramta dukan ɗalibai a makarantun gwamnati, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak: 231 da 230.

Batun dai ya samo asali ne daga hukuncin da Kotun Kare Haƙƙin Bil'adama ta Turai ta yanke a 1982, inda ta goyi bayan wasu mata biyu 'yan Scotland, waɗanda suka ƙi yarda a doki 'ya'yansu.

Da farko gwamnati ta so ta bar wa iyaye zaɓi. Sai dai masu adawa da shirin sun ce ba adalci ba ne yara biyu su yi laifi ɗaya, a zane wannan, a ƙyale wancan.

Sai a 1999 haramcin ya shafi makarantu masu zaman kansu a Ingila da Wales.