Filin Karatu: Bayan takaba, mi ya rage ma mace?

 

A wanga wata mun kawo muku labarin wani littafi na soyayya. Wanda ya rubuta shi sunanshi Abubakar Adam Ibrahim. Ɗan jarida ne, an haife shi a garin Jos, ƙasar Nijeriya. Da ingilishi ya rubuta littafin, ya sa mishi suna Season of Crimson Blossoms, watau lokacin jajayen furanni. Ya fito a shekara ta 2015. A 2016 ya ci babbar kyautar marubuta ta Nijeriya, dalar Amurka 100.000, ba dalarmu ta nan ba. A 2018 anka juya shi da faransanci. Ɗalibin da ya yi nisa a lakwal shina iya karanta muku shi.

Ga yadda labarin yake. Akwai wata mace, Hajiya Binta, mai shekara 55. An kashe mijinta cikin rikicin Jos. Ta koma kusa da Abuja ta zamna. Ɗiyanta sun girma, suna ci da ita, suna tufatar da ita. Amma babu wanda ya taɓa tambayar ta abin da ke cikin ranta.

Ban da rashin miji, tana da wani ciwo. Ɗanta na fari ya mutu shina saurayi. Saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunanshi ba, ba ta nuna mishi so a fili. Har ya bar duniya ba ta samu damar yi ba.

Rannan wani ɓarawo ya ƙetara katanga ya shiga gidanta. Ana ce mishi Reza, sa'an ɗiyanta ne, ya tashi ba tare da uwa tasa ba. Bayan kwanaki ya komo ya mayar da abin da ya samu mayarwa, ya roƙi gafara. Ita tana ganin marigayi ɗanta a fuskarshi, shi kuma shina ganin uwarshi a tata. Daga nan so ya shiga tsakaninsu a ɓoye, babu aure. Gari ya ɗauki zance. Ƙarshen abin ya zo da jini da kuka.

Marubucin bai ce abin da sunka yi daidai ne ba. Ya nuna muna ramin da Binta ta faɗa, ya kuma nuna muna yadda anka gina shi. Macen da anka bari da kaɗaici kamar rumbu ne da ba a dubawa, gara tana ci ta ciki.

Yanzu mu komo gida. Daga Tsarnawa zuwa Galmi, daga Dogarawa zuwa Badagishiri, kowace unguwa tana da matan da mazansu sunka rasu. Wasu ciwo ya kai su, wasu haɗarin mota, wasu sun tafi cin rani Abijan ko Libiya sai labari ya komo. Mi muke yi ma waɗanga mata?

Addini ya yanke takaba: wata 4 da kwana 10. In tana da ciki, sai ta haihu. Bayan nan tana da damar aure, kuma ba a ɗaura mata shi sai ta yarda da bakinta. Tana da gado: kashi 1 cikin 8 in mamacin ya bar ɗa, kashi 1 cikin 4 in bai bari ba. Nana Hadiza ta rasa miji kafin ta auri Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, kuma ta girme shi. To ina abin kunya ga auren bazawara?

Amma sau da yawa mu ne muke ƙara ma takaba tsawo. Ɗa ya ce uwa tasa ta tsufa, ba za ta ba shi kunya ba. Dangin miji su riƙe gona, su ce in ta yi aure sai ta bar ɗiya. Alhali namijin da matarshi ta rasu, tun ba a yi sadakar arba'in ba ake nema mishi wata.

Akwai kuma masu tura mace aure dole. Wata marubuciya ƴar Senegal, Mariama Ba, ta yi littafi a kan haka a 1979, sunanshi Une si longue lettre. A ciki, Ramatulayi mai ɗiya 12 tana takaba, sai ɗan uwan mijinta ya zo shina so ya gaje ta. Ta ƙi, don ita ba tunkiya ba ce da za a raba cikin gado. Binta an bar ta da kaɗaici, Ramatulayi an so a yi mata tilas. Maganin duka biyu guda ne: a tambayi mace, a saurari amsarta.

Ku ɗiya, in mutumin kirki ya zo neman uwarku, kada ku rufe ƙofa. Ku dangi, ku ba ta gadonta tun da wuri, a gaban hakimi da shaidu, a kuma rubuta takarda. Ga amfanin yaƙi da jahilci nan: macen da ta iya karatu ba a cuce ta da takarda. Ku uwaye, kunyar ɗan fari al'adarmu ce, amma kada ta hana yaro ya san ana son shi.

In an taru wajen karatu, malam ya sa a karanta wanga shafi da ƙarfi, kowa ya faɗi ra'ayinshi. Ku rubuto muna da hannunku: a garinku yaya ake riƙon macen da ta fita takaba? Za mu buga amsoshinku.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya ba na baya haƙuri. Sai wata mai zuwa.