Jirgin Maraɗi daga Apapa zai taso

Tun da aka aza tubalin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, ƴan kasuwarmu ke ƙidayar kilomita 284 da kamfanin Mota-Engil ke shimfiɗawa. Ba su cika zancen wani guntun layi da ke cikin Legas ba, daga Ebute Metta zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa, alhali ta nan kwantenarsu za ta fito.

Aikin guntun nan ɗaukar kaya ne, don a rage manyan motocin da ke cunkushe hanyar tashar. An buɗe layin Legas zuwa Ibadan a Yunin 2021, amma sai Satumban 2023 jirgin kwantena ya fara tashi daga Apapa a kansa. Shekara biyu ke nan, a kan ƴan kilomita.

Ko yanzu, a Ibadan sabon layin ya tsaya. Tsohon dogon Turawa ya kai Kano, sai dai ya fi sabon ƙunci, tarago ɗaya ba ya bin duka biyun. Dole a sauke kaya a sake lodi, kowane lodi kuma da kuɗinsa.

An rufe iyakar Gaya a 2023, kayanmu suka koma zagayowa ta Lome da Burkina da rakiyar soja. Shi ya sa ake ɗokin jirgin. Amma in tsakiyar ba ta haɗu ba, abin da Maraɗi za ta samu jirgin Kano ne, tekun kuwa sai a mota.